Lauyana Ya Mayar da Ƙarata Daga Shafi 14 Zuwa Shafi 2

Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Aboabo, a nan Kumasi, ina sarin masara da wake daga Techiman da Tamale. A watan Maris na 2019 ƙanen mijina, wanda a hannuna ya tashi, ya roƙe ni sidi 100,000 ya juya, a kan zai dawo mini da kuɗina cikin wata 6. A farkon 2021 na ƙara masa 80,000. Ba mu rubuta komai ba, amma a gaban mijina aka yi. Tun daga nan abin da na gani shi ne sidi 20,000 da ya jefo mini ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, a watan Agusta na 2022, kamar mai ba da sadaka, alhali ya gina gida, kuma ya zage ni a gaban mata a wajen wani suna. Da haƙurina ya ƙare na ɗauki lauya. Na zauna da ɗana muka rubuta duk abin da ya faru, shafi 14, tun daga kuɗin makarantarsa har zuwa lefen aurensa. Lauyan ya dawo mini da shafi 2 kacal da zai shigar a babbar kotu. Ya cire zagin, ya cire ɗawainiyar da na yi, ya cire kalmar damfara, sai tambayata yake ta yi a kan 20,000 ɗin nan da ba na ma son tunawa da su. Zuciyata ta fara raya mini cewa an saye shi. Mijina ya yi shiru, surukata tana cewa zan tona asirin gida, ɗana kuma yana cewa mu je wurin masu rubuta takardu a bakin kotu su rubuta yadda nake so. Malam, in sake lauya ne? Daga wata Hajiya, Aboabo.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na ji nauyin abin da ke ranki. Kuɗin da aka tara buhu bayan buhu, ana tashi da asuba ana jiran mota daga arewa, yana da zafi in ya maƙale, amma na lura zagin da aka yi miki a gaban mata ya fi kuɗin ci miki rai, musamman da ya fito daga bakin wanda kika ɗauki ɗawainiyarsa. Saboda haka ban yi mamaki ba da kika ji kamar an toshe miki baki lokacin da aka miƙo miki shafi 2. Duk da haka, ra'ayina shi ne kada ki sake lauya tukuna, domin abubuwan da kika lissafa a matsayin alamun cin amana, a idona alamun wanda ya san aikinsa ne. Laifinsa, kuma laifi ne na gaske, shi ne bai zauna ya yi miki bayanin dalilinsa da Hausa ba.

Takardar da ya rubuta ita ce bayanin ƙara, wadda ake haɗawa da sammaci a kai wa wanda ake ƙara. Dokokin shari'ar da ba ta laifi ba a babbar kotun Ghana, waɗanda aka yi a 2004 kuma lauyoyi ke kira C.I. 47, sun faɗi yadda ake rubuta ta a Oda ta 11: a kawo muhimman abubuwan da suka faru a taƙaice, a raba su sakin layi sakin layi da lamba, kuma kada a sa hujjar da za a tabbatar da su da ita. Dalilin wannan tsari yana bayyana ne idan takardar ta isa hannun ƙanen mijinki. Yana da kwana 8 ya sanar da kotu cewa ya amsa kira, sannan kwana 14 bayan wannan wa'adi ya shigar da kariyarsa, kuma a cikinta dole ya bi maganganunki ya ce ya yarda ko ya musanta, domin abin da bai musanta ba ana ɗaukarsa a matsayin ya amsa. To, ki duba bambancin jimloli biyu. Idan aka rubuta cewa yaron da kika raina ya zo yana kuka yana rantse-rantse ya yaudare ki ya karɓi dukiyarki, lauyansa zai musanta jimlar gaba ɗayanta da kalma guda, kuma babu wanda zai san ko kukan ya musanta, ko rainon, ko karɓar kuɗin. Idan kuwa aka rubuta cewa a rana kaza ga watan Maris na 2019, a shagonta da ke Aboabo, mai ƙara ta ba wanda ake ƙara sidi 100,000, aka rufe sakin layin a nan, to an matse shi a lungu: ko ya ce ya karɓa, ko ya yi ƙaryar da sauran shaidu za su kama shi da ita. Gajeren sakin layi mai ɗauke da magana guda ya fi dogo kama mutum.

Yanzu ga maganar 20,000 ɗin da kike jin haushinsu. Hajiya, wataƙila su ne ginshiƙin ƙararki. Dokar wa'adin shigar da ƙara ta 1972 ta ba mai bin bashin da aka yi da baki ko da takarda mara hatimi shekara 6 daga ranar da ya kamata a biya shi. Bashin farko ya kamata a biya shi a watan Satumba na 2019, wato wa'adinsa watan Satumba na 2025 ke nan, kuma bayan wannan lokaci wanda ake bi yana iya tsayawa a gaban alƙali ya ce lokaci ya wuce, a kori ƙarar ko da kowa ya san ya ci kuɗin. Amma dokar ta ce idan wanda ake bi ya biya wani ɓangare, ko ya amsa bashin a rubuce ya sa hannu, lissafin shekarun yana komawa farko daga wannan ranar. Kin ga dalilin da ya sa lauyanki ya nace. Yana bukatar ainihin ranar da kuɗin suka shigo, lambar da aka turo su daga ita, sunan da ke kan lambar, da kuma abin da ƙanen mijinki ya faɗa lokacin da ya turo: a kan bashin farko ya biya, ko na biyu, ko dukansu? Idan saƙon ya goge daga wayarki, ki je ofishin kamfanin wayar da katin shaidarki ki nemi takardar bayanin shige da ficen asusunki na wannan watan. Lauyan da aka saya da ya yi shiru a kan wannan batu ya bar ki ki faɗa ramin wa'adi.

Kalmar damfara kuma cire ta da ya yi gata ne ya yi miki. A bakinmu na yau da kullum duk wanda ya ci bashi ya ƙi biya muna ce masa ɗan damfara, amma a kotu kalmar tana da nauyi na dabam. Wanda ya zargi wani da zamba a takardar ƙara dole ya zayyana yadda aka yi ta: wace ƙarya aka faɗa, yaushe, a ina, kuma mai faɗar ya san ƙarya ce tun a lokacin. Sannan dokar shaida ta 1975 ta ce idan aka jingina wa mutum aikata laifi a cikin shari'ar da ba ta laifi ba, sai an tabbatar da shi ta yadda babu sauran shakka mai ma'ana, kamar yadda ake yi a shari'ar ɓarawo. Bashi zalla kuwa ya isa ki nuna cewa maganarki ta rinjayi tasa. Wanda zai iya ɗaukar buhu ɗaya ya kai gida ba ya roƙon a ɗora masa uku. Zagin wajen suna ma haka yake: bai ƙara ko kwabo a kan bashin ba, kuma dokokin sun ba alƙali ikon goge duk wata magana ta cin mutunci ko wadda za ta jawo ɓata lokaci, wani lokaci har a ci mai ita tarar kuɗin zaman.

Labarin ɗawainiyar da kika yi da shi ne na fi so ki yi tunani a kansa, domin na san shi ya fi zama miki kusa da zuciya. Ki ɗauka kina zaune a akwatin shaida, lauyansa ya miƙe da shafukanki 14 a hannu yana tambaya cikin ladabi: Hajiya, ke kika biya masa kuɗin makaranta? Kin nemi ya biya ki? Lefen fa, kin rubuta bashi? Ashe kin saba ba shi kuɗi masu yawa ba tare da kin jira ya mayar ba? Kafin ki ankara alherinki ya zama hujjarsa cewa wannan ma kyauta ce irin ta uwa da ɗa. Na taɓa ganin irin wannan da idona a wata kotu, inda wani dattijo ya yi ta amsa "haka ne" yana jin daɗin ana lissafa kirkinsa, bai gane inda aka nufa da shi ba sai da aka rufe tambayoyi. Abin da ya sa ake cewa shari'a saɓanin hankali ke nan.

Akwai kuma wata kalma a wasiƙarki da ta tsaya mini a rai, kuma ita ce ta fi komai haɗari. Kin ce kin ba shi kuɗi "ya juya". A kasuwanninmu wannan kalma tana ɗaukar ma'ana biyu. Akwai rance, inda mutum zai dawo da abin da ya karɓa ko ya ci riba ko ya faɗi. Akwai kuma jari, inda ake raba riba, kuma idan kaya suka lalace ba tare da sakacinsa ba asarar tana iya komawa kan mai kuɗi. Ina kyautata zaton ta wannan ƙofar ƙanen mijinki zai nemi fita, ya ce jari ne kuma an yi asara. Saboda haka ki tambayi kanki tsakaninki da Allah: an yi maganar raba riba? Ya taɓa kawo miki wani abu da sunan riba? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ofishin lauyanki shi ne wurin wankan. Kotun ƙoli ta Ghana tun a 1962, a shari'ar Dam da Addo, ta kafa cewa alƙali ba zai ƙirƙiro wa mutum wata ƙara dabam da wadda ya rubuta ba, kuma ba zai karɓi wadda ta saɓa mata ba. Idan aka rubuta rance, shaidu suka zo suka nuna jari, kina iya fita hannu rabbana alhali da an rubuta gaskiyar tun farko da an nemi a tilasta masa ya kawo lissafin jarin. Idan maganar da kuka yi tana ɗaukar fuska biyu, lauya yana da hanyar rubuta buƙata ta biyu a madadin ta farko, amma sai ya sani kafin ya shigar. Gyara yana yiwuwa daga baya, sau ɗaya ba tare da izini ba kafin a rufe musayar takardu, bayan haka kuma sai da izinin alƙali da ƙarin kuɗi da jinkiri, sannan mai sauya labari a tsakiyar hanya yana rage wa maganarsa daraja.

Shafukanki 14 ba su tafi a banza ba, ki adana su. Tun gyaran da aka yi wa dokokin a 2014, kowane mai ba da shaida yana rubuta bayaninsa a shigar kafin ranar sauraro, kuma a nan ne za a faɗi wanda yake zaune lokacin da aka ƙirga kuɗin, da saƙonnin murya na WhatsApp, idan akwai, inda yake ba ki haƙuri, da lokutan da kika aika a tuna masa. Ki kiyaye wayar da saƙonnin ke ciki, kada ki sayar da ita ko ki ba yara.

Abin da nake so ki yi a wannan makon shi ne ki nemi lauyan ya ba ki awa guda, ki tafi da ɗanki ko wani mai jin Turanci da kika amince da shi, a karanta miki takardar sakin layi bayan sakin layi a fassara, kina cewa haka ne ko ba haka ba ne. Ki tabbata sunan ƙanen mijinki cikakke ne kamar yadda yake a katinsa, an kuma sa adireshin da ma'aikacin kotu zai same shi, domin sammacin da bai isa hannu ba shari'a ba ta motsawa. Idan yana da kamfani mai rajista kuma ta asusun kamfanin wani kuɗi ya bi, ki faɗa, don kamfani a doka mutum ne mai zaman kansa. Ki duba an raba bashin biyu kowanne da ranarsa da sharaɗinsa, musamman na 2021 da ba ki faɗa mini wa'adinsa ba, an cire 20,000, an nemi ragowar 160,000. Ki tambaye shi kuma dalilin da ya sa ya zaɓi babbar kotu, tunda daga 2020 kotun majistare tana sauraron ƙarar kuɗi har sidi 500,000 kuma tsarinta ya fi sauƙi. Yana iya samun dalili mai kyau, amma haƙƙinki ne ki ji shi. Babu rashin kunya idan kika tambaya ko lasisinsa na bana yana aiki, domin kotun ƙoli ta yanke a 2016 cewa takardun da lauya mara lasisi mai aiki ya shigar ba su da inganci. Idan ya ƙi zama da ke, ko ya amsa tambayoyinki da tsawa, a nan ne zan ce ki nemi wani, ki karɓi fayil ɗinki ki tafi. Shawarar ɗanki kuwa ta ƙauna ce amma ba ta da amfani a nan. Masu rubutu a bakin kotu suna taimakon jama'a da wasiƙu da takardun rantsuwa, sai dai za su rubuta miki abin da kike so ki ji, kuma ranar da lauyan ɗaya ɓangaren ya nemi a goge rabin takardar ba za su tsaya a gefenki ba.

A ƙarshen takardar akwai jerin abin da ake roƙon kotu ta bayar, kuma kusan ko da yaushe lauya yana sa kuɗin ruwa a kan bashin bisa farashin banki. Ki duba ko yana ciki. Na san wannan zai taɓa ki a matsayinki na Musulma, kuma na san ɗaya gefen ma: tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin 100 a watan Disamba na 2022, kuma 100,000 na 2019 ba za su sayi buhunan da suka saya a lokacin ba. Ni ba zan yi miki fatawa ba. Ki kai tambayar ga malamin da kika yarda da iliminsa, ki gaya masa duka maganar faɗuwar darajar sidi, ki yanke shawara kafin a shigar da takardar, saboda kotu ba ta cika ba mutum abin da bai roƙa ba, kuma ba daidai ba ne a roƙa da sunanki abin da zuciyarki ba ta natsu da shi ba.

Sai mutanen gidanki. Shirun maigida ina ganin na wanda aka sa tsakanin matarsa da ɗan'uwansa ne, kuma ki tuna shi ne babban shaidarki. Ki same shi a keɓe, ki tambaye shi abin da yake tunawa na ranar, kada ki faɗa masa abin da za ya ce, kuma ki gaya masa a fili cewa za a iya kiransa kotu, don kada ya fara jin haka daga bakin lauya. Idan kin ga ba zai iya tsayawa ba, gara lauyanki ya sani yanzu ya gina ƙarar a kan MoMo da saƙonni. Surukarki kuma tsoronta na uwa ne, kuma a nan takarda mai shafi 2 ta fi kusa da abin da take so, domin fayil ɗin kotu ba ɗakin sirri ba ne, kuma wadda ba ta ɗauke da zagi da tonon silili tana barin ƙofar zumunci a buɗe. Shi kansa ƙanen mijinki ban ji ta bakinsa ba. Yana yiwuwa ya ci amana da gangan, yana yiwuwa kuma kuɗin sun nutse a ginin ne kunya ta koma masa tsiwa. Mutum irin na biyu yakan sauko idan ya ga takarda mai sanyi da lissafi tsaf wadda ba ta ci masa mutunci ba.

Don haka ina ganin kafin a shigar, lauya ya aika masa wasiƙar neman biya da wa'adi, a nuna wa limaminku ko dattawan dangi kwafinta, a ba sulhu dama ta ƙarshe. Ki kiyaye abu biyu a wannan zama. Zaman sulhu ba ya tsayar da lissafin shekara 6, saboda haka kada a ja ki wata da watanni da "za mu zauna". Sannan dokar sasanta rikici ta 2010 ta amince da hukuncin gargajiya: idan ɓangarori biyu suka yarda wani sarki ko dattijo ya yanke musu hukunci, suka biya kuɗin zaman da ya nema, abin da ya yanke yana ɗaure su. Idan aka kira ki fadar Sarkin Zango ko gaban wani mai unguwa, ki tambaya tun a bakin ƙofa ko shiga tsakani za a yi ko hukunci, ki kuma shawarci lauyanki kafin ki ajiye ko sisi. Duk abin da aka cimma a rubuta shi da adadi da ranakun biya, ƙanen mijinki ya sa hannu a gaban shaidu. Wannan takardar kaɗai ta isa ta sabunta wa'adinki, kuma idan an riga an shigar da ƙara ana iya kai ta gaban alƙali ya mayar da ita hukuncin kotu, yadda idan ya saɓa ba sai an sake shari'a daga tushe ba. Idan kuma a zaman kika samu ya nemi gafarar zagin a gaban mahaifiyarsa da maigida, to kin samu abin da babu sakin layin da zai iya nemo miki a kotun da ke Adum. Ki fara da ofishin kamfanin wayar gobe da safe, Hajiya, ki riƙe takardar MoMo ɗin a hannu kafin ki koma wurin lauya.